Sallar da Mma Ta Yi a Kan Firiza

Shekara huɗu na yi ina wanke kwalabe a ɗakin bincike kafin a yarda in taɓa wani abu mai daraja. Ba raina aikin nake yi ba. Amma ina da takardata ta karatun kimiyya, kuma ni mutum ce da ba ta iya ɓoye cewa ta iya abu. Tun ina ƙarama a unguwarmu Maamobi ake ce mini mai baki, ban kuma taɓa musantawa ba.

Aikin ɗakin namu neman maganin zazzaɓin cizon sauro ne. Akwai wani dangin sinadarai masu maiƙo da kusan duk mai rai yake ƙerawa a jikinsa, masana na kiran su aisofirinoyid. Daga cikinsu ƙanshin ɓawon lemo yake fitowa, da jan manja, da wasu abubuwan da jikin mutum ba ya rayuwa sai da su. Guntu-guntu ake haɗa su, kamar mai shirya duwatsun wuya a zare, kuma abin da ke yin haɗin shi ake kira enzayim. Ƙwayar zazzaɓi tana da nata, mutum yana da nasa. Maganin kirki shi ne wanda zai tsayar da na ƙwayar ya ƙyale na mutum. Don haka duk sinadarin da muka gwada a kan na ƙwayar, dole mu sake gwada shi a kan na mutum, kada garin neman gira a rasa ido.

Enzayim ɗin mutum ba a jikin kowa ake ciro shi ba. Ana ɗauko umarnin yin sa, wanda ke rubuce a ƙwayar gadon ɗan Adam, a saka shi cikin wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kiwo a kwalba, su yi ta yin sa, daga baya a fasa su a tace. Mu daga ƙasashen waje muke sayo shi. Yana da raki ƙwarai, in ya ji ɗumi ya lalace ke nan. Sau biyu ana aiko mana, akwatin yana daɗewa a hanya, ƙanƙarar tana ƙarewa, yana iso mana bai da amfani. A karo na biyu ne bakina ya riga hankalina, na ce wa Dakta ni zan iya yin sa a nan.

Dakta ita ce shugabar ɗakin, mace mai ƙarancin magana. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ta ba ni wata huɗu. In bai yi ba, za mu sake oda. Ba ta ce zan koma kan kwalabe ba, amma ni da ita duk mun san inda zan koma.

Sau uku ina yi yana dunƙulewa kamar kokon da aka dama da gaggawa. A karo na huɗu na rage wa ƙwayoyin zafi, na bar su suka yi aikinsu a hankali, sai ya fito sumul. Wahalar wata huɗu ta ƙare a 'yan bututu shida, kowanne bai kai tsawon ƙaramin yatsana ba. Ranar Laraba na ɗiba kaɗan na gwada. Gwajin mai sauƙin gani ne: akwai wani ruwa rawaya da ake ɗigawa, in enzayim yana aiki sai ya koma kore. Ya koma kore kuwa. Sai dai ni kaɗai na gani, domin Dakta ta tafi jana'iza garinsu, sai Litinin za ta dawo ta gani da idonta.

Alhamis ta kama jajibirin Babbar Sallah. Da azahar firizar ɗakinmu ta yi wani ƙugi ta yi shiru. Na kira mai gyara, ya duba ya ce injin ne ya ƙone, sai Litinin. Na zaga sauran ɗakunan ginin, duk an kulle, masu makullai sun tafi hutu. Na kira Dakta a waya. Ta tambaye ni ko na san wata firiza da na yarda da ita. Na ce ta mahaifiyata. Ta ce in ɗauki bututun shida kawai, tun da tataccen abu ne ba ƙwaya mai rai a ciki, in rufe su a akwati biyu. Ta kafa sharaɗi biyu: kada a haɗa su da abinci, kada kuma a riƙa buɗe murfin firizar.

Haka na shiga motar haya, tiro-tiro, da kula a cinya, na rungume ta kamar jaririya. Titin Nima ya cika da raguna da shanu da masu ciniki, mota tana tafiya taku ɗaya ta tsaya. Duk tsayawar da ta yi sai na zagi direban a zuciyata, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba.

Sai a ƙofar gida na tuna abin da ya kamata in tuna tun kafin in buɗe baki. Gidanmu gidan haya ne mai ɗaki goma sha ɗaya. Mahaifiyata, wadda duk gidan ke kira Mma, tana sayar da ƙanƙara da sobolo, wato zoɓo, da burkina ta gero da nono, kuma firizarta doguwa ce mai murfi a sama, tana zaune a baranda saboda ba ta shiga ƙofar ɗaki. Tun rasuwar babanmu take nan. Duk Babbar Sallah, wannan firiza ta gidan gaba ɗaya ce, har da maƙwabta. Ba a neman izini. Mace za ta zo da naman layyarta a leda, ta ɗaure bakin da ƙyallen zanenta don ta gane nata, ta ɗaga murfi ta saka, ta ce “Mma, na ajiye,” ta wuce. Ba a taɓa jin tsokar wani ta shiga ledar wani ba. Ni kuma ga ni na taho da abin da ba ya son nama kusa da shi, ba ya son a ɗaga murfi, ana gobe Sallah.

Na same ta tana ɗaure sobolo. Na yi mata bayani a tsaye, da sauri, rabi Hausa rabi Turanci. Ta bar ni na gama.

“Wannan abu, akwai jikin mutum ciki?” ta tambaya.

“Babu, Mma. Ko ɗigon jini babu.”

“In ya lalace fa?”

“Wata huɗuna ya tafi. Kuma ba wanda zai yarda na taɓa yin sa.”

“Yoo,” ta ce, ta goge hannu a zane.

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta kwashe sobolo da burkina duka ta rarraba wa masu azumin Arfa su sha ruwa da su. Ta jiƙa gishiri a ruwa ta cika robobi ta jera a ciki, ta ce ƙanƙarar gishiri ta fi sanyi, kuma firizar da ba komai a cikinta ba ta riƙe sanyi in an ɗauke wuta. Na karanta dalilin haka a littafi, da lissafinsa da komai. Ita ba ta san lissafin ba, amma ni ban tuna da yin hakan ba sai da ta yi. Muka sa akwatina a tsakiya, na ajiye ma'aunin sanyi a gefensa, muka rufe.

Sai na kawo shawarar da nake ganin ta masu ilimi ce. Na ce bari in je in sayo kwaɗo.

Ta juyo ta dube ni kamar na zagi wani babba.

“Kwaɗo? Firiza nan bai taɓa ganin kwaɗo ba. Ki sa kwaɗo ranar Sallah, kin ce ma mutanen gida ɓarayi ke nan. Ke za ki tafi aiki Litinin. Ni zan zauna da su har in mutu.”

“To mu gaya musu kada su buɗe.”

“Kowa zai ce to. Kowa kuma zai ce nashi kaɗan ne, sau ɗaya ne. Ki bar mini.”

Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata tsohuwar nan za ta kashe mini aiki saboda kunyar mutane. Ban san ta riga ta gama shirinta ba.

Da aka sauko daga Idi, Mma ta shiga ɗaki ta gyara ɗaurin sabon leshinta, ta fito da darduma da matashi ta shimfiɗa a kan murfin firizar. Ta taka 'yar kujera ta hau, ta zauna, ta ɗauko carbi. Mma gajeruwa ce mai jiki, ƙafafunta ba su kai ko rabin hanya zuwa ƙasa ba. Na kusa yin dariya, sai na gane abin da take yi. A Zango, unguwanninmu na Hausawa, ba a ce wa babba ya tashi daga inda yake zaune. Da ni na hau, mace ta farko da ta zo za ta ce “ke, sauka in sa nama,” in kuma sauka. Ita ba mai iya faɗa mata haka.

Bayan azahar nama ya fara shigowa. Mace za ta doso baranda da kwano a ka, ta ga Mma a sama, ta rage tafiya. Ta durƙusa ta yi barka da Sallah. Mma ta amsa da fara'a, ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta yaba ƙibar ragon. Matar ta dubi murfi, ta dubi Mma, ta rasa ta inda za ta fara. Sai Mma ta ce, “Bana akwai amana ciki. Ga tukwane can, ga gawayi, a soya.” Ba ta ce wa kowa a'a ba, ba ta kuma yi wa kowa ƙarya ba. In lokacin salla ya yi, sai ta sa ni in hau, ita kuma ta shimfiɗa sallaya ta yadda duk mai son isa wurina sai ya gifta ta gabanta.

Tukwanen kuwa tun da safe ta sa na ciro su daga ƙarƙashin gado, manyan nan da ta saya a Kasuwar Malam Atta don biki. Kafin la'asar tsakar gida ta cika da hayaƙi. Tsofaffin sun san suyar da ake yi wa naman layya da kitsensa har ya bushe ya yi watanni, matasan kuwa tun tasowarsu firiza suka sani. An yi gunaguni, ba zan ɓoye ba. Na ji wata tana cewa 'yar boko ta kawo kayan Turawa ta hana mutane Sallah. Na yunƙura zan ba ta amsa, Mma ta harare ni daga sama, na haɗiye. Na karɓi wuƙa na zauna yankan naman wadda ta yi maganar.

Asabar da hantsi aka ɗauke wuta. Fankar baranda ta tsaya, wani daga can ciki ya ce “dumso ya zo yawon Sallah.” Haka muke kiran yawan ɗauke wuta. Mma ta sauko a karon farko ba don salla ba. Ta sa muka lulluɓe firizar da barguna da buhunan gawayi da aka zazzage, muka ɗora tsohuwar katifa, ta sake hawa. Yanzu ta ƙara tsawo, kanta ya kusa taɓa kwanon rufi.

Awa uku ina zagaye baranda. Daga ƙarshe na kasa haƙuri, na ce ta ɗan matsa in leƙa ma'aunin sanyi, daƙiƙa biyu kawai.

“Naki kaɗan ne, ko? Sau ɗaya ne?” ta ce.

Matan da ke suya suka fashe da dariya. Duk gidan nan ba wanda ya nemi a ɗaga murfin da bakinsa sai ni mai kayan. Na koma na zauna, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ana cikin haka Hajiya ta shigo. Hajiya ita ce mai gidan, tana zaune a unguwar Kotobabi wurin babban ɗanta. Daga Nijar aka kawo ta tun tana amarya, har yau Hausarta cikakkiya ce, ba irin tamu da ta cuɗanya da yaren Tuwi da Turanci ba. Ta girmi Mma nesa ba kusa ba. Ita ta ce a ajiye firizar a baranda lokacin da babanmu ya rasu, ita ta ce a ja wuta daga mitarta. Duk shekara rana ta biyu take kawo cinyar saniya a ajiye mata. Ga ta kuwa, surukarta na biye da ita da babban baho a ka. Duk Maamobi in akwai mai iya ce wa Mma ta tashi, to ita ce.

Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar mai a tukunya. Mma ta sunkuyar da kai ta gaishe ta daga inda take, ba ta sauko ba. Ban taɓa ganin ta gaida Hajiya ba tare da ta durƙusa ba.

“Uwar yara, sarauta aka ba ki ban ji ba?” Hajiya ta ce.

“Hajiya, ki yi haƙuri. Amana ne.”

“Amanar wa?”

“Na yarinya nan. Aikinshi ne. Ni ban san shi sosai ba, amma ya ce in ya ji zafi ya mutu.”

Hajiya ta juyo gare ni. Na durƙusa. Ta ce in gaya mata mene ne, kuma da Hausa, ba da yaren asibiti ba. Na yi iya ƙoƙarina. Na faɗi zancen ɓawon lemo da manja, da na ƙwayar zazzaɓi, da yadda ake kiwon ƙwayoyi a kwalba su yi abin da jikin mutum ke yi.

“Magani ne ke nan?”

Na so in ce e, domin da na ce e magana ta ƙare. Amma Mma tana sama tana kallona, ita da ta yini biyu ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

“Ba magani ba ne, Hajiya. Abin gwada magani ne. Mai yiwuwa a samu maganin, mai yiwuwa ba a samu ba.”

“Daga wace ƙasa aka kawo shi?”

“Da daga waje ake kawowa. Wannan ni na yi shi.”

“Ke? Da hannunki?”

“Da hannuna.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta dubi ƙafafun Mma da ke reto, waɗanda suka kumbura har zanen silifa ya fito a kansu. Ni da nake kusa da ita yini biyu ban lura ba, ma'aunin sanyi kawai ke raina. Hajiya ta ce wa surukarta ta kai bahon wurin tukwane. Ta miƙa mini sandarta.

“Uwar yara, sauko ki miƙe ƙafa. Ke kuma kama ni in hau.”

Mu uku muka ɗora ta. Ta gyara mayafi, ta dubi matan da suka saki baki, ta ce naman wa ke ƙonewa. Daga ranar ba a sake gunaguni a gabana ba. Hajiya ta zauna har aka kawo wuta gab da magariba, washegari Lahadi kuma ta dawo da kanta, suka riƙa karɓa-karɓa da Mma. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa samun tsofaffi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa da ƙafa cikin ruwan ɗumi. Ban san sau nawa aka ɗauke su hoto ba.

Litinin da sassafe muka ɗaga murfin. Robobin gishiri suna nan da ƙarfinsu, ma'auni bai yi nisa da inda na bar shi ba. Amma ma'auni ba ya faɗin abin da ya faru ranar Asabar, kuma enzayim mai aiki da wanda ya lalace kamarsu ɗaya a ido. Na saka akwatin a kula na kama hanya, Mma ta bi ni da addu'a har bakin titi tana ɗingishi.

Na tarar an gyara firizar ɗakin, Dakta kuma ta riga ni isowa. Ba ta tambaye ni yadda aka yi Sallah ba. Ta ja kujera ta zauna kusa da teburina ta ce bismilla. Na haɗa komai a farantin gwaji mai ƙananan ramuka. Na jira mintunan da ake jira. Na ɗiga ruwan rawaya a ramin da ba enzayim, ya tsaya rawaya yadda ya kamata. Na ɗiga a na kusa da shi. Kafin in ɗago hannu ya fara juyawa, ya yi kore shar. Na gwada bututu na biyu, na uku, har shida. Dakta ta ɗaga farantin ta duba a haske, ta ajiye, ta cire tabarau.

“Na ƙwayar zazzaɓin ma ke za ki riƙa yi mana,” ta ce. “Za a nemo mai wanke kwalabe.”

Ban taɓa jin alfahari irin na wannan safiya ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na fita waje da farar rigata na kira Mma.

“Mma, ya yi kore.”

“Kore mai kyau ne ko mara kyau?”

“Mai kyau. Yana aiki. Duka shida.”

Na ji ta janye wayar daga kunne, na ji muryarta ta ɗaga zuwa tsakar gida: “Ku ji, abin namu ya yi!” Sai guɗa ta tashi, da buga ƙofofi, da muryar matar nan da ta ce na hana mutane Sallah tana tambaya ko za a sa mu a talabijin. Na jingina da bango hawaye na zuba, masu wucewa suna kallona.

Wata huɗu ina jiran ranar da za a ce aikina ne. Na buɗe baki in gyara mata zancen, na rufe. Da ta dawo kan wayar na ce ta gaya musu na gode.

Ta ce ba za ta gaya musu ba. In na tashi aiki in fara biyawa Kotobabi wurin Hajiya, sannan in zo in bi gidan ɗaki-ɗaki in faɗa da bakina, kuma a durƙushe. Haka na yi, ɗaki goma sha ɗaya, ban tsallake ko ɗaya ba.